ASHIRIN BABU BIYU

Shafi na 23

Ku da kuka cika min waya da "Iya ina ci gaba, Iya kin bar mu a rataye", gwiwa ce ta tasa ni gaba kwana biyun nan, ba rowa ba. Wadda kuma ta rubuto wai in rage sa baki a harkar mutane, na gode 'yar nan, amma da na rage da me kike karantawa yanzu?

Sababbin zuwa, ku matso in taƙaita muku. Ƙofata da ta Maman Aku suna kallon juna a hawa na biyu, taku huɗu ne tsakani. Tagwaye mata gare ta, 'yan shekara tara, Aku da Shiru. Mu mutanen bene muka laƙaba musu, ɗaya bakinta ba ya hutawa, ɗayar sai ka yi da gaske ka ji muryarta. Kama kuwa ko tabo babu wanda ya raba su, sai ɗan kunne, ja na Aku, kore na Shiru. Wata huɗu ke nan da mota ta kaɗe Shiru a bakin titinmu. Tun ranar Aku ta daina magana, sai da ka. Ba a yi sati biyu da rasuwar ba, kullum ƙarfe uku na yamma sai wayar uwar ta yi ƙara, saƙo daga makarantarsu ta intanet, wai Shiru ta shiga wasa.

Ni dai mutum uku kacal na gaya wa, mai wanki, mai kitso da matar mai gadi. Yadda aka yi duk unguwa ta ji cewa fatalwa na karatu a benenmu, wallahi ban sani ba.

To, ranar Asabar wajen biyu da rabi na ji takun da ban sani ba a matakala. Takun mutanen gidan nan duk na haddace. Na ɗaga labule. Wata siririyar yarinya ce da gilashi, rataye da jakar kwamfuta, tana duba lambar ƙofa.

Kafin ta ƙwanƙwasa na riga na ɗauki kofi na fito aron sukari.

"Sannu 'yar nan, wa ake nema?"

"Ina wuni Iya. Gidan su Aku."

"Au, ke ce Malamarsu! A waya kanki ya fi haka girma."

Ta yi ɗan murmushi, irin na wanda bai kwana da kyau ba.

Maman Aku ta buɗe ƙofa. Matar nan da kun san ta a da, sai kun yi kuka. Duk ta zube, rigar aikinta ta kantin magani kamar a jikin ƙusa aka rataye. Wayarta na hannunta a kife, haka take riƙe ta yanzu.

'Yarta na zaune a gefen kujera, ta haɗa gwiwoyi, jan ɗan kunnenta na ƙyalli.

"Aku," in ji Malama, "ba ki gane ni ba?"

Ta kalli ƙasa.

"Je ɗakin Iya ki zauna," uwar ta ce. "Manya za su yi magana."

Ta tashi ta fita ba ko motsin takalmi. Uwar ta cika min kofina ta miƙo.

"Ga sukarin, Iya."

"Allah ya yi albarka. Bari gwiwar ta ɗan saki."

Na samu kujera na zauna. Ta kalle ni, na kalli silin. Ta san ba inda za ni.

Malama ta buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci, ta ture wani kwano gefe. Sai ga hoton kogi, ruwa shuɗi yana gudu, ga wata 'yar tsana tsaye a bakin gaɓa.

"Kin san ba ma yin jarrabawar takarda," ta ce. "Da wasan gadar nan muke auna su. Wasa zai yi tambaya, yaro ya amsa da baki. In ya yi daidai, katako ɗaya ya sauka, 'yar tsana ta taka. In ya yi kuskure katakon ya karye ta faɗa ruwa. Katako ashirin ake hayewa. Kuma ba abin da yake mantawa, muryar yaro, daƙiƙa nawa ya yi kafin ya amsa, inda yake tuntuɓe, duk yana ajiyewa."

"Ashe ɗan uwana ne," na ce.

Ba wanda ya yi dariya.

"Wannan shafin Aku ne." Ta nuna 'yar tsana mai jar riga. "Wata huɗu tana tsaye a nan. Za a yi tambaya, ta yi shiru har lokaci ya ƙare. Ko katako ɗaya ba ta taka ba. Shugaban makaranta ya ce in ba ta haye ba zuwa Litinin, za a cire sunanta."

"Yarinyar da take ta ɗaya tun da ta shiga?" in ji uwar.

"Na gaya masa."

"Kin gaya masa 'yar uwarta ta mutu a gaban idonta?"

"Na gaya masa, Maman Aku. Ya ce shi abin da wasa ya nuna yake gani."

Ta danna wani wuri. Kogin dai shi ne, amma 'yar tsanar koriyar riga ce da ita.

Uwar ta juya fuska bango.

"Me ya sa ba ku rufe shi ba?"

"Ni ya kamata in rufe. Sau uku ina kai yatsa ina kasawa."

"To wa ke shiga? Kwamfutarsu da an gama darasi nake kulle ta a kabad, ga makullin a wuyana. Na tambayi Aku, ta girgiza kai. Wajen Iya take wuni in na tafi aiki, na tambayi Iya, ta rantse min."

"Idona a kanta yake," na ce. "Ko ƙiftawa ba na yi."

A nan, jama'a, akwai ɗan gyara. Nakan ɗan kishingiɗa bayan azahar. Ba barci ba, hutun ido.

Maman Aku ta zauna a hannun kujera, ta matse wayar a cinyarta.

"Malama, ina tsaye ina ba mutum magani sai ta yi ƙara. Sai in shiga sito in rufe ƙofa. In ga 'yar tsanar nan tana tafiya, ɗaya, biyu, uku. Ba ta taɓa hayewa ba. Kullum sai ta faɗa. Kullum ta dawo gaɓa ta sake." Ta juya wayar ta kalla. "Akwai wurin da ake danna a ji murya. Ban taɓa dannawa ba. Ina tsoron in ji ta, ina tsoron kuma kar in ji ta. Iya, ke babba ce, ki gaya min. Ko tana can ne tana son ta haye ta kasa? Ko ni ce na riƙe ta?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa.

Sai wayar ta yi ƙara.

Dukkanmu muka kalli agogon bango. Uku daidai.

A kan kwamfutar Malama, ba wanda ya taɓa komai, 'yar tsana mai koriyar riga ta ɗaga kai.

"Tana ciki yanzu," Malama ta ce a hankali. "In buɗe muryar?"

Uwar ta rufe ido. Malama ta buɗe.

Wasan ya yi tambaya da muryarsa ta ƙarfe: "Shida da biyar."

Na ƙirga numfashina, ɗaya, biyu, uku.

"Sha ɗaya."

'Yar ƙaramar murya, can ƙasa, kamar daga cikin tulu. Maman Aku ta sulale daga hannun kujera ta zauna daɓas a ƙasa, ta toshe baki da hannu biyu.

Katako ya sauka. 'Yar tsana ta taka.

"Uku sau huɗu."

"Sha biyu."

Ta taka.

"Tara da tara."

"Ashirin babu biyu."

Lamba 22 ta fito da ja. Katakon ya karye, 'yar tsana ta faɗa, tsulum, ruwa ya rufe kanta.

"Kin gani," in ji Malama. "Irin kuskuren Shiru ke nan tun ajin farko. Tana tafiya lafiya, sai ta kawo wata lamba da ba ta da kai. Tara da tara ta ce ashirin da biyu."

"Ba ta ce ba," na ce.

"Na'am, Iya?"

"Ba ta ce ashirin da biyu ba. Kunnenki ƙalau kuwa? Ashirin babu biyu ta ce."

"To ai..."

"Ai me? In kina da ashirin aka ce babu biyu, nawa suka rage?"

Ta tsaya. Na ga leɓenta na motsi.

"Sha takwas."

"To tara da tara nawa ne a makarantarku?"

Ta cire gilashin ta mayar.

"Haka muke ƙirga tun kafin a haifi uwarki," na ce. "Ashirin babu ɗaya, talatin babu biyu. Abinku ne kurma, ya ji ashirin, ya ji biyu, ya haɗiye babu."

Ta shiga tsofaffin amsoshin Shiru, na bara, na bara waccan. Tana dannawa muryar marigayiya na fitowa.

"Bakwai sau huɗu." "Talatin babu biyu." An rubuta 32. Tsulum.

"Wace lamba ce ke bin talatin da takwas?" "Arba'in babu ɗaya." An rubuta 41. Tsulum.

Ta danna wani, ta danna wani. Duk daidai. Duk ruwa.

"Innalillahi," Malama ta ce. "Shekara biyu. Yara ɗari biyu gare ni, Iya, ba na sauraron murya, lambar da ya rubuta kawai nake dubawa. Ni da hannuna na rubuta mata 'tana da rauni a lissafi'. Sau shida na rubuta."

Maman Aku ta ɗago daga ƙasa.

"Wa ya koya mata wannan ƙirgar? Ni ban taɓa yi ba."

Na gyara zama. Kofin sukari ya yi min nauyi a hannu.

"Ni ce."

Kun san ina ɗinka wa telan ƙasa maɓalli. Shiru ce mai zama kusa da ni tana ware min su, farare gefe, baƙaƙe gefe, muna ƙirgawa tare. Tun tana 'yar shekara huɗu. Ni ina jin daɗi wai na samu magajiya. Ashe jefa 'yar mutane nake yi a kogi kullum, ni ban sani ba, ita ba ta faɗa ba.

"Na yi mata faɗa," uwar ta ce, ba da kowa take ba. "Na ce mata ciki ɗaya kuka fito, ita ga ta can, ke ga ki nan. Na hana ta kallo. Na ce mata..."

Ba ta ƙarasa ba, don a kan kwamfutar 'yar tsanar ta fito daga ruwa ta koma gaɓa. Za ta sake.

"Takwas da biyu."

"Goma."

A bayan muryar akwai wani abu. Ƙiiƙ. Ƙiiƙ. Ƙiiƙ. A hankali, ba ya tsayawa.

Malama ta ƙara sauti.

Ƙiiƙ. Ƙiiƙ.

"Wannan kuma mene ne?" ta tambaya, idonta ya fito.

Ni dai na fara karanto duk abin da ya zo bakina. Maman Aku ta karkata kai tana saurare. Sai ta juyo ta zuba min ido.

"Iya."

"Na'am."

"Fankarki ce."

"Wace fanka?"

"Fankarki mai kuka, da na ce ki kira mai gyara tun bara."

Na shafa aljihun zanena na dama. Na shafa na hagu. Wayata, wannan dai da nake rubuta muku da ita, wadda ɗana ya saya min, ba ta jikina. Tana ƙarƙashin filo, inda nake ajiye ta in zan huta ido.

"Idonki a kanta yake," in ji Maman Aku. "Ko ƙiftawa ba kya yi."

"Ai ƙiftawar ce takan ɗan yi tsawo."

"Wata uku da rabi, Iya! Wata uku da rabi ban yi barci ba! Kin bi gida gida kin ce fatalwa, mai kitso har ta daina hawowa benen nan, ashe a kan tabarmarki fatalwar take zaune kina minshari!"

"Ba na minshari."

"Har ƙasa ake ji!"

Ta miƙe, tana dariya tana kuka lokaci guda, tana share fuska da bayan hannu.

"Aku ce. Wayyo Allah, Aku ce. Kewar 'yar uwarta ce ta sa take shiga da sunanta tana kwaikwayonta. Alhamdulillahi. Bari in je in same ta."

"Maman Aku," Malama ta ce. "Ki ɗan zauna."

"Me kuma?"

"Ba cire suna ne ya kawo ni ba. Wannan da a waya zan gaya miki."

Yadda ta faɗa ya sa fankar kanta na ji kamar ta yi shiru.

"Ranar da abin ya faru, akwai gwajin ƙarshen zango. Aku ta yi nata da safe. Shiru ta shiga sha ɗaya da minti arba'in. Ranar gwaji muna buɗe kyamara, ina kallonta, ga koren ɗan kunne. Ta haye. Ashirin cikin ashirin, a minti huɗu. Ba ta taɓa hayewa ba sai ranar."

"Na sani," uwar ta ce. "Saƙon ya same ni a kanti. Ina cikin murna aka kira ni aka ce in zo bakin titi."

"Jiya na koma na duba lokutan. Shiru ba ta taɓa amsawa ƙasa da daƙiƙa shida ba, sai ta yi tunani. Aku daƙiƙa biyu take yi, wani lokaci tun tambaya ba ta ƙare ba. Ranar nan, da sunan Shiru, daƙiƙa biyu biyu aka yi ta yi."

"To ta dage ne. Na ce mata in ta sake faɗawa ruwa za a mayar da ita aji baya, a raba su. Ta dage."

"Ki saurara."

Ta danna.

"Tara da tara."

"Sha takwas!"

Da ƙarfi, da rawar kai, har da ɗan tsalle a cikin muryar. Sai aka yi wata 'yar dariya ƙasa ƙasa, irin ta wanda ya yi ɓarna ba a kama shi ba.

Na san dariyar nan. Shekara tara ina jin ta ta bango.

Kofin ya kuɓuce min, sukari ya watse a ƙasa.

"Wannan ba Shiru ba ce," na ce. Wallahi ban yi niyyar faɗa ba, fita ta yi da kanta.

"Iya, ki yi shiru."

"Shiru ba ta taɓa cewa sha takwas ba tun da aka haife ta."

"Na ce ki yi shiru!"

Malama ta haɗa hannuwanta a kan tebur.

"Mai shiga yanzu daƙiƙa shida take yi. Da na ce kwaikwayo ne, kamar yadda kika ce. Amma mai kwaikwayo abin da ya taɓa ji yake maimaitawa. Zangon nan yawancin tambayoyin sababbi ne, kuma duk inda amsa ta ƙare da takwas ko tara sai ta faɗa ruwa. Ni ban gane dalili ba sai yanzu da Iya ta yi bayani."

"Aku ma ta iya," uwar ta ce da sauri. "Tana jinsu suna yi. Ko ba haka ba, Iya? Ai ta iya?"

Ta kafe ni da ido, tana roƙona in yi ƙarya. Ni da ƙarya ba ta yi min wuya. Sai ga shi ta maƙale.

"Na gwada koya mata," na ce. "Ta ƙi zama. Cewa take ƙirgar tsofaffi ce. Wai in babu biyun, to me ya kawo maganarsa?"

"A'a."

"Maman Aku..."

"A'a. Ni na haife su. Za ku zo ku gaya min ban san 'yata ba? Saboda wasan yara? Abin da ko babu bai iya ji ba, shi zai gaya min wadda na binne?"

Malama ta sunkuyar da kai.

"Bakwai sau bakwai," in ji kwamfuta.

Muka jira. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida.

"Hamsin babu ɗaya."

Tsulum.

Maman Aku ta fita. Muka bi ta, gwiwar ma na manta da ita. Taku huɗun nan tsakanin ƙofarta da tawa, ban taɓa sanin suna da nisa ba sai ranar.

Ƙofata a sakaye take. Ta tura da yatsa ɗaya.

Yarinyar na zaune a tabarmata ta ba mu baya, ta tanƙwashe ƙafa, wayata a cinyarta, gwangwanin maɓallaina a gefenta. Ta ware su, farare gefe, baƙaƙe gefe. Wata huɗu ina tashi ina samun su a ware, ina cewa kai, ashe na gama aikin nan kafin in kwanta.

Uwar ta buɗe baki za ta kira ta. Ta rufe. Ta sake buɗewa. Ba sunan da ya fito.

Ni akwai yadda nake kiran Shiru, ni kaɗai, ita kaɗai. Tun ranar da aka fita da gawa ban sake furta shi ba.

"Ƙawata," na ce.

Kanta ya ɗago kafin ta ankara.

Da ta juyo ta ga uwarta, sai ta saki wayar. Ta ja baya, ta ja baya, har bayanta ya taɓa ƙafar gado. Maɓallai suka tarwatse.

Uwar ta durƙusa a bakin ƙofa, ba ta shiga ba.

"Gaya min," ta ce.

Yarinyar ta kalli maɓallan da suka tarwatse.

"Ba zan dake ki ba. Gaya min."

Muryar da ta fito duk ta yi tsatsa, wata huɗu ba a yi magana da mutum da ita ba.

"Aro muka yi."

"Aron me?"

"Ɗan kunne. Ta ce in ba ta nawa ta haye min, don kar a raba mu. Da ta gama ta ce za ta sayo mana alewa a shago. Ta ce in ta dawo mu musanya." Ta taɓa kunnenta. "Ina ta jira."

Malama ta juya ta kifa goshi a jikin bango.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?" uwar ta ce. "Wata huɗu. Ina kiranki kina zuwa. Ina ba ki kayanta kina sawa. Me ya sa?"

"Na zo zan faɗa."

"Yaushe?"

"A bakin titi. Da kika sauko daga mota."

"To?"

"Kika kalli kunnena. Kika rungume ni." Ta tsaya. "Kika ce, Aku, alhamdulillahi ba ke ba ce. Da ke ce da na mutu."

Ina wurin. Na ji da kunnena, mai wanki ya ji, rabin titi ya ji. Muka ce zafin mutuwa ne, ba a kama wa uwa magana a irin wannan rana. Ba wanda ya kalli fuskar yarinyar da ke cikin ƙirjinta. Ni da nake taƙamar ba abin da ke wuce ni a benen nan, ban kalla ba.

"Sau uku kika faɗa," in ji yarinyar. "Ni ba na so ki mutu."

Maman Aku ta dafa ƙasa da hannu biyu.

"Ina ta koyon yadda take yi," yarinyar ta ci gaba, yanzu maganar na zubowa. "Ina tsayawa gaban madubi ina yin dariyarta, ba ta fitowa. In na yi magana za ki gane. A shafinta ma in na amsa za a gane. Shi ya sa nake zuwa nan in shiga nawa. Na ce in na haye da kaina ko sau ɗaya, sai in gaya miki, ko za ki ɗan ji sauƙi. Amma kullum sai na faɗa, Mama. Kuma ni na san daidai nake faɗa."

"Daidai kike faɗa," Malama ta ce daga bango, tana kuka. "Duk daidai ne. Ni ce ban ji ba."

Yarinyar ba ta ko kalle ta ba.

"Mama, in kin mayar da ni, za su ba ki ita? Ni na yarda."

Fanka na ta ƙiiƙ, ƙiiƙ a kanmu. Uwar ta daɗe a durƙushe, har na fara tsoron ko numfashinta ya tsaya. Sai ta miƙe a hankali. Ta kakkaɓe gwiwarta. Ta gyara ɗankwali. Fuskarta ta koma sumul, babu hawaye, babu komai, irin fuskar da take ba mutum magani da ita a kanti.

"Malama, ki rufe wancan shafin yau," ta ce. "Iya, ki riƙa ɓoye wayarki."

Ta miƙa wa yarinyar hannu.

"Tashi, Aku. Tashi mu tafi gida."

Yarinyar ba ta kalli hannun ba.

Ni ta kalla.